Ranar Garwa ta fi ta Jamus, amma su ke da wuta

Jiya da daddare na kira Inna a Garwa, arewacin Kamaru, muna tsakiyar magana sai na ji ta ce "tsaya, kuran ya tafi", wato an ɗauke wuta, daga nan duhu ne kawai a fuskar waya, ina jiyo yara suna neman tocila. Watan Afrilu ne fa, wanda ya san Garwa ya san me nake nufi, da rana zafi ya haura digiri 40, da dare kuma bango ya yi ta amayar da zafin da ya sha, kowa ya jawo tabarma tsakar gida yana fifita. Ni kuma ina nan Kolon, shekarata bakwai ke nan a Jamus, ban taɓa sayen kyandir don an ɗauke wuta ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙasar nan ba ta da rana. A Disamba ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya shiga, sai ka yi sati sama a rufe da gajimare. Hasken da ke sauka a Garwa ko Marwa a shekara ya kusa ninka na nan sau biyu. Amma duk da haka a 2023 da 2024 fiye da rabin lantarkin da Jamusawa suka sha daga iska da rana da ruwa da makamantansu ya fito. Wata tsohuwa da muke hawa ɗaya da ita ta rataya faifan sola biyu a barandarta, ta jona waya a soket ɗin bango, shi ke nan, firij ɗinta da rana yake aiki. Doka ta yarda da irin wannan har wat 800 tun 2024, kuma tun farkon 2023 aka cire harajin saye a kan kayan sola na gida.

Kar wani ya ce ina kuranta Turawa ne. Har gobe suna ƙona kwal, ba nisa da nan akwai ramin Garzweiler da aka tashi ƙauyuka saboda shi, kuma kuɗin wuta a nan da tsada sosai. Abin da suka yi daidai guda ɗaya ne a ganina: a shekarar 2000 suka yi doka cewa duk wanda ya sa sola a rufinsa za a sayi wutarsa a farashi tsayayye har shekara 20. Da manomi ya ga takarda a hannu, banki ma ya ga takarda, sai bashi ya samu.

Mu kuwa a arewa, Garwa da Marwa da Ngaundere, kusan dukanmu Lagdo muke kallo. Madatsar da 'yan Sin suka gina a kan Binuwai, aka gama ta a 1982, injina huɗu, megawat 72 gaba ɗaya. Lokacin da aka gina ta mutanen Garwa nawa ne, yanzu nawa ne? Ga laka da yashi sun ci wani ɓangare na tafkin, in damina ta yi gardama ruwa ya ja baya, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani kowa ke son fanka, a nan ne wuta ke yin ƙasa, sai a koma kan injinan gasoil (dizal) na Jambutu a Garwa, man kuma sai an ɗauko shi a tanka daga kudu. Ita ma Lagdo makamashi ne mai sabunta kansa, ban raina ta ba, amma an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Madatsar Nachtigal mai megawat 420 tana can kan kogin Sanaga, sai ranar da aka gama haɗa layin kudu da na arewa za mu ce mun ɗanɗana.

Gaskiya tashoshin sola na Marwa da Gider da aka buɗe a 2023, wajen megawat 30 su biyun tare da manyan batura, sun rage mana wahala, 'yan gida da kansu suka faɗa mini delestaj, wato ɗauke wuta, ya yi sauƙi a kan na shekarun baya. Toh ai hujja ke nan, rana ta riƙe gari da tsakar rana, Lagdo ta adana ruwanta zuwa dare. Irin wannan ya kamata a ƙara a Yagwa, a Mokolo, a Kuseri.

Amma ni inda na fi damuwa shi ne gida da shago. Ana yawan cewa talaka ba ya iya sayen sola, ni kuma na ce talaka ya riga ya biya kuɗin sola tuntuni, a hannun mai fetur ya zuba shi. Ƙanina tela ne, in aka shiga azumi ɗinkin sallah ya taru, ƙaramin grup ɗinsa, wato janareta, yana shan lita biyu a dare. Lita ɗaya a gidan mai sefa 840 ce tun Fabrairun 2024, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya da muka saba da arharsa, shi ma ya tashi tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. Ku lissafa, 1,680 a dare, sama da dubu 50 a wata in ya kunna kullum, ban da gyara, ban da hayaƙi da ƙarar da maƙwabta ke haƙuri da ita. Kuɗin yana fita kaɗan-kaɗan ne shi ya sa ba a jin zafinsa. Sola kuma tana son a dunƙule a biya lokaci guda, kuma ba wanda zai ba tela bashi ya riƙa biya wata-wata. Tsohuwar nan maƙwabciyata ba ta fi ƙanina sanin amfanin rana ba, ita dai ta samu kaya mai garanti da dokar da ke bayanta.

Na ce garanti ne don na ɗanɗana. Shekara uku da suka wuce na tura kuɗi aka sa wa Inna sola, wani mai shago a kasuwa ya haɗa mata faifai da batir, ya ajiye batirin a ɗakin kwano da ba iska, wata takwas ya mutu, da aka koma wajensa ya ce shi ba ruwansa. Wlh na ji ciwon abin, ba don kuɗin kaɗai ba, don duk layinmu sai aka ɗauka sola yaudara ce. Zafi yana kashe batir da wuri, musamman mai ruwan asid in ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, ƙurar hunturu kuma in ta kwanta a kan faifai wuta raguwa take sai an riƙa gogewa, siririyar waya ma tana cinye wuta a hanya. Duk wannan ilimi ne da yaro zai koya a 'yan watanni, ga samari nan birjik suna kabu-kabu da moto, da an horar da su da sun samu sana'a mu ma mun samu wanda za mu damƙa wa amana.

Sai maganar itace, wadda ita ce ke tsorata ni. Sola za ta ba ka haske da fanka da ruwan sanyi, za ta ja famfo a lambun albasa a madadin injin fetur, amma tukunyar tuwo har yanzu a kan murhu take, gawayi da itace kullum ƙara nisa suke, darbejiyar da aka dasa tun zamanin shirin dashen itatuwa na Sahel Vert ita ke ba Marwa inuwa, wa ke dasa na gaba? In ba a sauƙaƙa gas da murhu mai tsimin itace ba, daji zai ci gaba da ƙarewa ko da kowane rufi ya cika da faifai.

Mu shida 'yan Garwa da ke nan mun fara adashi tun Janairu, duk wanda ya ɗauka sharaɗi shi ne sola zai sa a gida ko shagon wani nasa, da batir lithiyom, da takardar garanti a rubuce, kuma yaro ɗaya daga gidan ya tsaya ya ga yadda ake haɗawa. Kwasata a watan Yuni take. Inna ta ce a fara da shagon ƙanina tukuna, ita za ta iya jira da maficinta zuwa zagaye na biyu.