Ruwa har zaure, famfo a bushe

Daren jiya ruwa ya kwana yana zuba a unguwarmu kamar da bakin ƙwarya. Da asuba na tarar da silifas ɗin yara suna iyo a zaure, kwata ta cika ta dawo mana da ledojin maƙwabta. Na murɗa famfo zan yi alwala, ko ɗigo. Ƙarfe bakwai ina bakin ƙofa, ruwa har idon sawu, ina jiran ɗan garuwa. Na kira ƙanwata a Kurna in yi mata jaje, ta ce su ko yayyafi ba su gani ba. Ruwan Kano ke nan, unguwa-unguwa yake bi.

Masu cewa "ga ruwa ko'ina, don me ake raba mana na famfo kwana-kwana?" ina tare da ku a jin haushi, amma ruwan famfonmu ba daga wannan hadarin yake ba. Daga Kogin Kano da na Challawa ake jawo shi, su kuma sun dogara da madatsun Tiga da Challawa Gorge. Tiga, wadda aka gama a 1974, ruwan kudu ne ke cika ta, wajen Doguwa da Tudun Wada, inda damina ta fi ta Ɗambatta da Kunci tsawo. Kuma ruwa mai ƙarfi dagula kogi yake yi ya koma jar laka, tacewa ta ƙara wuya, alim ya ƙara tafiya. Iska ta kayar da turakun wuta, injinan tura ruwa su tsaya cak.

Wannan ba ya wanke masu alhakin ba mu ruwa. Sai dai mu ma da namu. Kududdufan da ke shanye ruwan cikin gari mun cike su da shara mun yanka filoti. Tsakar gida mun malale da siminti don kada mu taka taɓo. Ruwa ya rasa inda zai nutse, sai ya bi titi ya shiga ɗakin talaka. Sannan kowa ya haƙa burtsatse, bazara ta zo muna mamakin rijiyoyi sun ƙafe.

Kakata, Allah ya jiƙanta, hadari na haɗowa take jera randuna ƙarƙashin indararo. Zubin farko ta bari ya wanke rufi, sauran ta tara. Yau muna ganin wannan ƙauyanci ne. To ku lissafa: rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 ke sauka a kansa. Jarka 120 ke nan, a dare ɗaya, muna kallo ta bi kwata.

Ni dai na aika a sayo min ganguna biyu. Uwargida tana ta dariya, wai sai da damina ta raba tsakiya na tuna.