"Saura Kaɗan" Ita Ce Ke Kashe Mana Ayyuka

'Yan uwana matasa masu aikin kwamfuta, a makon jiya na halarci wani zama inda mai kamfanin da ya ba da kwangilar haɗa manhajar biyan albashi ya tambayi jagoran aikin inda aka kwana. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, saura kaɗan." Ni kuwa da aka ɗauko a matsayin mai ba da shawara, na san ko rabi ba a kai ba, kuma duk wanda ke zaune a ɗakin ya sani, amma babu wanda ya yi tari.

Wannan ɗabi'a ta ɓoye wa na gaba gaskiya tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun mayar da ita ladabi, alhali cin amana ce. Mai rubuta manhaja ya ga matsala ya yi shiru don kada a ce bai iya ba, jagora ya rufe don kada oga ya fusata, sai wa'adi ya cika a fara kame-kame, ga shi kuwa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasu ma har da jingina ƙaryar da "in sha Allahu", kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Ko a Amurka haka ta faru. Ranar 1 ga Oktoba, 2013 gwamnati ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov bayan an yi gargaɗi watanni kafin nan cewa lokacin da aka ware don gwada shafin ya yi kaɗan, kuma mutum shida kacal suka iya yin rajista a ranar farko. A masana'antun Toyota kuwa, ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa motoci idan ya ga aibi.

Ku ma shugabanni da kuke yi wa mai kawo mummunan labari tsawa a gaban jama'a, ku ne kuka koya musu. Ƙannena, ku ji tsoron Allah ku riƙa faɗa da wuri, domin barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

A da, magini idan ya ga katanga ta tsage, ajiye aikin yake yi ya kira maigida ya nuna masa, ko da kuwa za a rage masa lada. Yau sai a shafe tsagar da fenti, a ɗauki hoto a aika wa oga ta WhatsApp.