Ƙarfe mai tsawon tafin hannu ya gagari ƙasar da ta gina Ajaokuta

A makon jiya wani mai shagon sassaƙa ƙarfe ya ba ni shawara, a gaban yaransa da sauran masu jiran aiki, cewa in kira 'yan gwangwan su ɗora motata a kan sikeli su biya ni kuɗin kilo, in huta in hutar da shi. Motar da yake nufi Ford Mustang ce ƙirar 1967 mai injin silinda takwas, wadda na shafe shekaru ina farfaɗo da ita da gumin goshina, kuma abin da ya haɗa ni da shi bai wuce ɗan ƙarfen da ke riƙe altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, a jikin injin ba. Na asalin ya tsage saboda tsufa, sai na kai masa shi tare da zane a takarda da awon kowane rami, na biya kafin alƙalami ba tare da neman ragi ba, daga nan na shiga zaryar da duk mai karatu ya sani: yau babu wuta, gobe dizal ya ƙare, jibi Oga ya tafi ɗaurin aure.

Ranar da aka ce aiki ya kammala, wani yaro ya jefo mini ƙarfen a kan benci, gefensa duk kaifi, ko goge shi ba a yi ba. Na ɗora shi a kan zanen, na ga rami na biyu ya kauce daga inda aka sa alama, na kuma gwada notin motar ya shiga kaɗan ya cije. Cikin ladabi na ce, "Maigida, ramin nan ya kauce, kuma zaren da aka yanka masa ba na inci ba ne." Bai ɗago kai daga wayarsa ba, ya ce, "Alhaji, rami ai rami ne, ka sa guduma zai shiga." Na yi masa bayani cewa motocin Amurka na wancan zamani da inci aka auna duk notinsu, shi ya sa sufana mai lamba 12 ba ta shiga notin rabin inci, mai lamba 13 kuma tana yi masa yawa, kuma idan ƙarfen nan ya karkace ko da kaɗan ne fanbel zai riƙa cin gefe har ya tsinke a tsakiyar hanya. Sai a lokacin ya ajiye wayar, ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ga yaransa ya ce, "Kun ji injiniya ya zo koya mana aiki." Suka kwashe da dariya, domin wanda ke ba su kuɗin abinci ne ya yi barkwanci.

Na haɗiye fushina na ce a ba ni tsohon ƙarfena in nemi wani wuri. Aka dubi juna, sannan ƙaramin cikinsu ya ce wai an share shago, mai yiwuwa ya bi tarkacen da aka sayar. Wato samfurin da ya fito daga masana'anta kusan shekara sittin da suka wuce, wanda shi kaɗai ne shaidar ainihin awon, an sayar da shi a kuɗin da bai kai na shayi ba. Da na tambayi kuɗina, gwanin ya ce sun shiga janareta, ya ƙara da cewa, "Idan kana son aikin Amurka ka mayar da akwalarka Amurka, tunda can aka haife ta." Bayan wannan ne ya kawo shawarar sikeli, kyauta, ba tare da ya caje ni ko sisi ba, kuma ina godiya da wannan karamci.

To, tunda ya ambaci Amurka, bari mu je can. Waɗannan motoci masu manyan injina, irin su Pontiac GTO da Mustang da suka fito a 1964, da Dodge Charger da Chevrolet Camaro da suka biyo baya, tashensu ya dushe ne bayan rikicin man fetur na 1973, amma har yau suna yawo a tituna saboda mutanen da ke kula da su don sha'awa kawai. Malamin makaranta ko ɗan fansho zai shiga garejin gidansa ranar Asabar, ya yanke ƙasan motar da tsatsa ta cinye, ya lanƙwasa sabon falle ya yi masa walda, ya sassaƙa duk abin da kamfani ya daina yi. Ba su fi maƙeranmu basira ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga yadda ake ƙera injin niƙa daga tarkace zai shaida haka. Abin da suke da shi shi ne wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar yanka, da ƙarfen da aka rubuta ingancinsa a jikinsa, da makarantun koyon sana'a inda ake koya wa yaro karanta zane kafin a miƙa masa guduma.

Mu kuwa me aka tanadar mana? Tun 1979 aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, ita Tarayyar ta ruguje a 1991, amma babbar tanderun narkar da tama ba a taɓa kunna ta ba ko sau ɗaya. An gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo, aka sayar da su, aka manta da zancen. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, amma maimakon mu koyi ƙera kayan gyaran 504 da ta cika titunanmu, sai muka sa mata wuƙa muka auna a sikeli, domin mu al'umma ce da ke ganin duk abin da ya tsufa shara ne, duk mai baƙin mai a hannu kuma wanda ya kasa boko ne. Uba zai sayar da gona ya saya wa ɗansa digirin da zai zauna da shi a gida, amma ba zai yarda ya shiga kwalejin fasaha ba, ita kwalejin ma injinanta sun daɗe da zama wurin kwanan gizo-gizo.

Wanda ya ce zai yi odar kayan daga waje kuma sai ya haɗu da dala, wadda ta tsallake naira 1,000 bayan an saki naira a 2023 don kasuwa ta yanke mata daraja, ga kuɗin jirgi ga kuɗin fito. A shekarar ce aka janye tallafin mai, a watan Afrilun 2024 kuma aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga rukunin da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana. Duk da haka, a 2023 ɗin nan aka ƙirƙiro ma'aikata sukutum ta bunƙasa ƙarafa, da ministanta da ofisoshinta da jerin motocinta, kuma kowace shekara kasafin kuɗi yana ware biliyoyin naira don albashin ma'aikatan Ajaokuta, su je aiki su tashi aiki a masana'antar da ba ta narka tama ba.