Strynd: kalmar da ta ɗaure hali a wuyan asali

Kwana biyu ke nan wata tsohuwar kalma ta mutanen Sikotland ta tsaya mini a rai: strynd. Daga harshen Scots take, wanda ake yi a kudanci da gabashin ƙasar. Kada a haɗa shi da Gelik na mutanen kan tsaunuka, domin shi Scots ɗan'uwan Turanci ne na jini, tsatsonsu ɗaya. Kalmar tana nufin zuri'ar da mutum ya fito, kuma tana nufin halin da ya gado daga wannan zuri'a. Idan yaro ya cika taurin kai, sai a ce yana da strynd na kakansa. Marubucin waƙoƙi Gavin Douglas ya yi amfani da ita a waƙen da ya kammala a 1513, John Jamieson kuma ya adana ta a ƙamusunsa na 1808.

Da farko ta burge ni, don ta tuna mini da Goggo. Duk ranar da ƙaramin ɗana ya ture kwanon tuwo ya haɗe rai, sai ta ajiye carbi ta ce, "Ku bar shi, Malam ne ya dawo, har yadda yake karkace baki." Mu yi ta dariya. To, idan a nan abin ya tsaya, ba ni da ja. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kowa ya sani.

Amma fa kalmar da ta zuba asali da hali a ƙwarya ɗaya, ta riga ta yanke wa mutum hukunci tun bai yi komai ba. Su kansu mutanen Sikotland sun ɗanɗana. A 1603, bayan wani artabu a Glen Fruin tsakanin dangin MacGregor da na Colquhoun, Sarki James na shida ya haramta sunan MacGregor ɗungurungum. Ko ka canza suna, ko a bakin ranka. Jaririn da aka haifa bayan faɗan, wanda ko takobi bai taɓa gani ba, shi ma laifin ya hau kansa. An ɗage dokar a 1661, aka maido ta a 1693, ba a rabu da ita ba sai 1774. Shahararren ɗansu Rob Roy ma da sunan dangin mahaifiyarsa, Campbell, ya riƙa fakewa. Shekara kusan 140 ana farautar suna, jama'a!

Abin dariyar ma, harshen da ya haifi kalmar shi ma an yi masa gorin asali. A wannan 1603 ɗin James ya gaji sarautar Ingila, fada ta koma Landan, Turancin kudu ya zama maganar manya. Sannu a hankali aka mai da Scots gurɓataccen Turancin ƙauyawa, har malamai na zane yara a aji saboda sun yi maganar gidansu. Duk da haka, a ƙidayar 2011 kimanin mutum miliyan 1.5 suka ce suna iya yin sa.

Kafin wani ya ce me ya haɗa mu da su, ya duba yadda muke amfani da "ɗan asali" da "marar asali". Ina da aboki, mutumin kirki, ga sana'a ga ibada. An kai kuɗin gaisuwa, an fara maganar sa rana, sai wani kawun yarinyar ya je bincike ya dawo da labarin cewa kakan yaron mahauci ne. Ba wanda ya tambayi maƙwabtansa ko abokan cinikinsa wane irin mutum ne. Ranar Juma'a da yamma aka aiko ƙanin yarinyar da goro da kuɗin a cikin baƙar leda, ya miƙa a ƙofar zaure, ko zama bai yi ba.