Ku daina zagin 'ya'yan gidan haya

Kun dai ga bidiyon nan da ake ta yawo da shi, ba sai na maimaita ba. Wani mutum ne a ciki yake cewa wai 'ya'yan gidan haya na unguwar Kakuri a Kaduna ba su san tarbiyya ba, wai titi ne ya rene su. Malam, ka ji tsoron Allah. Ka taɓa kwana a gidan haya kuwa, ko daga cikin mota ka hango mu?

Ni a ciki da falo na tashi, a gida mai ƙofa ɗaya da famfo ɗaya. Babanmu ya baro Zonkwa ya kama aikin masaƙa, lokacin da masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited), wadda aka buɗe a 1957, da masaƙun UNTL da Arewa Textiles ke ciyar da dubban gidaje. Jiniyar kamfani ce agogon unguwa. In Baba yana aikin dare, da rana babu yaron da ya isa ya buga ƙwallo a tsakar gida, ko ɗan wane ne, don an san mutum na barci. Wa ya koya mana wannan? Gidan haya.

Kullum da dare Mama za ta shimfiɗa tabarma, a durƙusa a yi Rosari da Hausa. Ka yi gyangyaɗi a tsakiyar "A gaishe ki Maryamu", ka sha dundu. Ranar Asabar muna gaban katikis muna haddar katikizim, Lahadi da sassafe muna coci. In ka yi rashin kunya a bakin famfo, matar Tibi ta ɗakin ƙarshe za ta ja maka kunne, Inna Bahaushiya mai ƙosai ta ƙara maka, kafin labari ya kai wa mahaifiyarka. Ba wadda za ta zo rigima don an taɓa ɗanta, godiya ma za ta yi. In wannan ba tarbiyya ba ce, to mece ce?

Kuma Zumuntar Mata Katolika da kuke gani da anko kuna ɗauka waƙa da rawa kawai suka iya, su ne asibitinmu, su ne bankinmu. Mace ta haihu, su ke dafa ruwan wanka. Aka yi rasuwa, su ke kwana a gidan, su haɗa kuɗin motar kai gawa ƙauye. Da Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Kaduna a Fabrairun 1982, tare suka ɗunguma zuwa Dandalin Murtala, Mama ta yi ta ba mu labarin har muka haddace.

Na san wani zai ce ai yanzu akwai shaye-shaye a unguwar. Akwai, wa ya musa? Rikicin 2000 ya raba mu da maƙwabtanmu Musulmi, suka tsallaka Kogin Kaduna. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi baya. Magidanci ya koma acaba, uwa ta wuni a kasuwa, yara suka rasa mai sa ido. Aiki aka ƙwace wa mutane. Laifin gidan haya ne? Wani kuma ya ce min ai mutumin da ke cikin bidiyon wasa yake yi. Iyayenmu da ƙurar auduga ta cinye musu ƙirji ba abin wasa ba ne, kada a sake kawo min wannan.

Wallahi ina alfahari da gidan nan. Daga irinsa fadan coci ya fito, nas ta fito, malamin makaranta ya fito, kuma har gobe in muka haɗu da dattijon unguwa sai mun rusuna.