Wai Ita Ba Ta Karanta Littafin Kowa

Tun daren jiya maganar nan take ci na. Na so in haɗiye ta, ta ƙi haɗiyuwa. Waɗanda muke zauren marubutan nan tare a WhatsApp kun ga abin da ya faru, ba sai na maimaita ba, kuma ba zan kama sunan kowa ba. An tambayi baiwar Allah wane littafi ne ya fi taɓa ta, ta ce ita ba ta taɓa zama ta karanta littafin wani daga farko har ƙarshe ba, wai tana gudun kada salon wani ya gurɓata nata, ita baiwa ce Allah ya ba ta. Ita kam ban ji haushinta sosai ba, yarinya ce, ƙuruciya na ɗibarta. Waɗanda suka ɓata min rai su ne manyan da suka yi ta jero mata "Masha Allah" da "lallai ke ta daban ce". Mutum ya fi talatin, ba wanda ya ce mata ƙanwata, wannan ba abin alfahari ba ne. Ni da na faɗa, sai aka ce hassada nake yi don ta fi ni mabiya.

To bari in faɗa a nan inda ba mai goge min. Wanda ba ya karatu ba zai iya rubutu ba. Zai iya cika shafi, zai iya tara mabiya, zai iya sa mutane su biya kuɗin shiga zaurensa, amma littafin da za a ajiye a sake ɗaukowa bayan shekara ashirin ba zai fito daga hannunsa ba.

Wai baiwa. Wa ya musa baiwa? Baiwa gona ce mai kyau, in ba ka zuba mata iri ba ciyawa za ta tsiro. Ku dubi Abubakar Imam, wanda kowa a cikinmu yake kiran sunansa in ana maganar ƙagaggen labari. Yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Baturen nan jami'in ilimi Rupert East ya shirya a 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa littattafan Larabci da ya karanta sun shiga cikin labarin. Da aka kai shi Zariya a 1936 don ya rubuta Magana Jari Ce, littattafai aka tara masa, na Larabawa da na Indiya da na Turawa, su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa. Ya karanta, ya tauna, ya mayar da su Hausa har yau yaro a ƙauye zai rantse a garinsu aka yi abin. Wannan karatun ya gurɓata salon Imam? Salon nasa ma daga nan ya yi ƙarfi. In mutumin da muke kira uban wannan sana'a bai fi ƙarfin ya buɗe littafin wani ba, ni da ke mu su wa?

Abin da masu wannan magana ba su gane ba shi ne, wanda ya ƙi karatu don kada ya kwaikwayi wani, shi ne ya fi kowa kwaikwayo. Kansa ba a rufe yake ba. Fim ɗin Indiya da ya kalla jiya yana ciki, labarin da aka turo a zaure shekaranjiya yana ciki, kuma da ya ɗauki waya zai rubuta su ne za su zubo. Shi ya sa za ka buɗe labari goma ka tarar da yarinya ɗaya: fara, doguwa, gashi har gadon baya, marainiya a hannun kishiyar uwa. Ka tarar da saurayi ɗaya: ɗan Alhaji, miskili, ba ya dariya, ya dawo daga Ingila, motarsa ta kusa kaɗe ta a titi. Shafi uku ana kwatanta falo da labule. Kowacce tana ganin ita ta ƙirƙiro, alhali an yi shi sau ɗari kafin a haife ta. Da ta yi karatu da ta san an yi, da ta nemi wata hanya. Karatu ne yake nuna maka inda sawu ya yi yawa.

Ni ban wallafa komai ba tukuna, kuma ba na ɓoyewa. Shekara huɗu ke nan ina kan littafi ɗaya, labarin wani gidan marina da sana'ar take mutuwa a hannunsu. Ina rubutu ne bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, kafin in ɗora ruwan koko. Awa ɗaya ce tawa a duk yini, wani lokaci ma ba ta cika. A littafin makaranta mai fallaye tamanin nake fara rubutawa da biro, na cika guda bakwai, sannan in kwafe a waya in an samu caji. Na je Ƙofar Mata na zauna bakin karofi ina kallon yadda ake tsoma zane a fito da shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idona, na ji warin baba da toka har ya bi ni gida a mayafi. Duk wannan na yi, amma a babi na tara na tsaya cak, wata bakwai ban ƙara layi ba. A nan ne uwar gidan take rasuwa, kuma duk yadda na rubuta sai ya fito kamar sanarwar rediyo. Na sa kuka, na sa faɗuwa, na sa suma, ni da na rubuta ko gezau ban ji ba.

Kun san abin da ya fitar da ni? Na sauko da akwatin littattafaina, na zaɓi guda shida, na karanta wuraren da aka yi mutuwa kaɗai. Sai na lura waɗanda suka sa ni hawaye ba su cika ihu ba. Marubucin yakan rage gudu, ya tsaya a kan wani ƙaramin abu, ya bar mai karatu ya yi kukan da kansa. Na koma na yage shafi huɗu. Na bar 'yarta ta shigo ɗakin bayan an fita da gawa, ta tarar da kwanon furar da ta dama mata da safe, ludayin yana ciki, ba ta sha ko rabi ba. Ta rasa ko ta zubar ko ta rufe. A nan babin ya ƙare. Ban saci layin kowa ba, kwanon furar nawa ne, na mahaifiyata ne ma in za a bi gaskiya. Amma hanyar zuwa gare shi a littattafan mutane na koya. Baiwa ta yi wata bakwai tana kallona ba ta nuna min ba.

Za a ce littafi ya yi tsada. Na sani, ni ma a kasuwar nan nake saye. Amma wanda yake sa data kullum ya yini yana kallon bidiyo kada ya kawo min wannan. Akwai na hannu a bakin titi, akwai aro, akwai ɗakin karatu na Murtala Muhammad a nan Kano, akwai tsofaffin littattafai a ɗakunan iyayenmu da ƙura ta rufe. Za a ce ba lokaci. Wanda ya sami lokacin rubuta shafi goma kullum ya turo wa mutane, yana da lokacin karanta biyar. Za a ce ai ba kowa ne ya yi boko mai zurfi ba. Balaraba Ramat Yakubu tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma ta nemi karatun da kanta, kuma littafinta Alhaki Kuykuyo Ne har Indiya aka buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. Wannan uzurin ma ya faɗi.

Kuma ni abin da ya fi yi min ciwo ba ma na sana'a ba ne. Yaya za a yi ka ce kana son ka rubuta littafi alhali ba ka son littafi? Ni son ne ya kawo ni. Ina aji biyar na firamare na fara ɗauko na yayata daga ƙarƙashin katifa. A unguwarmu akwai wani mai shagon haya, ɗan teburi ne da kwalaye, yana da babban littafi da yake rubuta sunan wanda ya karɓa da ranar da zai dawo da shi. Kuɗin tarata nake tarawa, in haƙura da awara, in karɓo na ɗaya, in kwana ina addu'a kada wata ta riga ni na biyu. Littattafan sun sha hannu har sun yi laushi, an liƙe bangon da salatif, wani shafin da tabon manja, wani da lalle. A gefen shafi za ka ga wata ta rubuta wa muguwar cikin labarin "Allah ya isa", wata ta zo a ƙasa ta rubuta "amin". Ban san su ba, ba su san ni ba, amma mun yi fushi tare. Akwai wanda na kai ƙarshe na tarar an yage fallen ƙarshe, na yi kuka na gaske, na zauna na rubuta masa ƙarshe da kaina a bayan littafin lissafi. Rubutuna na farko ke nan a duniya. Da fitilar ƙwai nake karatu, in rage lagwani don kada Inna ta ga haske ta ƙasan ƙofa, da safe hancina duk baƙin hayaƙi.

Waɗanda suka rubuta waɗannan littattafan ba su same ta da sauƙi ba. Kamfanonin ɗab'i ba su kula su ba, da kuɗinsu suka buga, suka ɗauka a ka suka kai kasuwa. An kira aikinsu adabin kasuwar Kano da nufin raini, an ce su ne suke lalata tarbiyyar 'yan mata, a 2007 har tara littattafan aka yi aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano. Duk da haka suka ci gaba, kuma su ne suka sa dubban mata a cikin gidaje suka riƙe karatun boko bayan an cire su daga aji. Kafin su akwai Hafsat Abdulwaheed da littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980, lokacin da mace mai ƙagaggen littafi da Hausa abin nema ce. Yau ki zo ki ce ba ki karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma kina murna? Hanyar da kike takawa wasu ne suka share ta da hannunsu. Ko ba don ki koya ba, ki karanta don ki san wa za ki yi wa addu'a.

Rashin karatun nan a rubutu yake tona kansa, tun daga layin farko. "Yace" a haɗe, "zata" a haɗe, ba aya ba waƙafi, sakin layi ɗaya ya cinye allon waya. Ba a bambanta ƙafa da kafa, ɗaki da daki, ɓari da bari. Tsohuwa 'yar shekara saba'in tana magana kamar 'yar jami'a, Bakatsine da Basakkwace da Bakano duk bakinsu ɗaya. Ba wanda aka haifa da sanin waɗannan, ido ne yake sabawa da su a shafin da aka gyara da kyau, kunne kuma a bakin tsofaffi. Masu shiga gasar Hikayata da BBC Hausa take yi wa mata tun 2016, ku tambayi kanku me alƙali zai ji in ya buɗe labari ya ga haka a sakin layi na farko.

Ƙanwata, in wannan ya iso gare ki, wallahi ba ƙinki nake yi ba. Na karanta babi biyu na labarinki, akwai wurin da yarinyar take wanke-wanke tana sauraron iyayenta suna shawarar aurenta ta taga, wurin ya yi kyau ƙwarai, hannunki yana da albarka. Shi ya sa abin ya dame ni. Masu yi miki tafi ba za su zauna da ke ba ranar da kika maƙale a naki babi na tara. Ki zo ki ari littafi a wurina, ina da kusan ɗari biyu, ba zan karɓi ko sisi ba. Ki fara da guda ɗaya, ki kai shi ƙarshe.

Da na ce aro kuma, sai na tuna. Wadda ta karɓi Magana Jari Ce na biyu a wurina tun kafin azumin bara, don girman Allah ki dawo min da shi. Tsohon bugu ne, bangon baya ya cire, na ɗinke shi da baƙin zare. Na mahaifina ne, sunansa yana shafin farko da rubutun hannunsa, da ajami a sama da boko a ƙasa, kuma shi kaɗai ne rubutunsa da ya rage min. Ko kin ji nauyin zuwa ki ba wa yaro ya kawo, ba zan ce komai ba. In ma wani shafin ya yage ki haɗo da shi haka nan, ina da zare.