Murfin tirelar Kawu

Kun san tsohuwar tirelar Kawu, 'yar ƙaramar nan da yake ja da mota yana kwasar tarkace. To ya bar mini ita, ni kuma na ce sai ta koma ta shiga daji, a loda mata tanti da katifa da jarkokin ruwa a ja ta har inda kwalta ta ƙare. Na kankare tsatsa, na sauya boris na cika su da giris, aka ɗora sifirin a saman ƙarfen da ke riƙe tayoyin maimakon ƙasansa don cikinta ya daina gogar duwatsu, na sa mata taya irin na motar don safaya guda ta ishe su. Duk wannan lafiya lau. Saura murfi.

Alminiyom na so. Falle mai faɗin mita 1.2, tsawo 2.4, kauri milimita 2, in na alminiyom ne bai kai kilo 16 ba, in na baƙin ƙarfe ne kilo 45. Mai walda ya ce injinsa ba ya cin alminiyom, kuma "ranka ya daɗe, ai ƙarfe ƙarfe ne". Da ya gama ɗora fallen a kan firam, murfi ya haura kilo 60. Muka sa masa sandunan nan masu iska irin waɗanda ke riƙe but ɗin mota, da sakata mai kama kanta da zarar murfi ya sauka, ba ta buɗuwa sai da makulli. Na liƙa roba kewaye da bakin saboda ƙura.

Ranar da muka shiga daji da ita, muka isa wurin kwana, muka zare tirela daga mota, muka fidda kaya, sai ga ƙura a kan katifa. Nan Injiniya ya matso.

Wanda bai san Injiniya ba ya gode Allah. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya ɗaure noti ɗaya ba, amma ko bambar mota aka taɓa sai ya zo ya goya hannu a baya ya ce "da an tambaye ni". Ranar da ake waldar murfin nan yana wurin tun safe, a inuwa, a kan kujerata, yana gaya wa mai walda cewa zafi yana karkatar da ƙarfe, abin da mutumin ya sani tun Injiniya bai iya tsallaka titi ba. Shi ne ya kawo shawarar wani ya shiga ciki a rufe, duk inda ya ga haske ya shigo, nan ƙura ke bi. Dabarar kam gaskiya ce, ana yin haka. Na ce to bisimilla, shiga. Ya ce gwiwarsa.

Na shiga na kwanta. Ya sauke murfi. Na ji ƙas!

Duhu ƙirin, ko ɗigon haske babu a bakin murfin, har na ɗan ji daɗin aikina. Na ce a buɗe. Shiru. Na bubbuga. Sai na ji muryar uwargida daga nesa-nesa, kamar daga ƙasan rijiya: "Baban yara, ina makullin?"

Yana aljihuna. Kuma ni dai a sanina, mai rufewa ne ke tambayar makulli kafin ya rufe.

Na sa baya na tura. Ko motsi. Sandunan iskar nan ma in murfi yana rufe kusan a kwance suke, ba sa tallafa wa kowa sai ya ɗan ɗaga, balle ga sakata ta kama. Rana kuwa tana dukan baƙin ƙarfe, gumi na shiga mini ido. Robar da nake taƙama da ita ta hana ko tsinke wucewa, balle makulli. Sai na tuna 'yar hudar da aka bari a ƙasa can baya don ruwa ya riƙa fita. Na ja ciki zuwa wurin.

Tirela mai taya biyu, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta ake so ya sauka a kan hancinta, shi ke sa ta zauna daidai. Ba a haɗe take da mota ba, babu kaya a ciki sai jak da akwatin sifanu, ga ƙato ya rarrafo bayan tayoyi. Hancin ya tashi sama, gindin ya daki ƙasa, na gangara na haɗu da bango, jak da akwatin sifanu suka biyo ni. Daga waje aka kwashe da dariya, kuma muryoyin sun fi na mutanenmu yawa. Ashe waɗanda suka kafa tanti kusa da mu sun taru. Na ji wani dattijo yana tambaya a natse, "Hajiya, me kuka kamo ne?" Ta ce, "Maigida ne, Baba." Ya ce, "Allah sarki." Wallahi wannan Allah sarkin ya fi bugun jak ɗin ciwo.

Hudar ba ta cin makulli da zobensa, sai da na ɓare shi da farce a cikin duhu, ina jin Injiniya yana yi wa baƙi bayanin cewa shi tun farko alminiyom ya ce a sa. Shi! Na zura makulli ya faɗa cikin ciyawa, ƙarƙashin gindin tirelar da ni kaina na danne. Sai da aka ce in koma gaba a hankali, mutum biyu suka riƙe hancin, yaro ya shiga ya lalubo.

Murfi na ɗagawa, abin da Injiniya ya fara tambaya shi ne ko na ga haske.

Ƙurar dai daga baya aka gano ta ramin wayar fitilun baya take shigowa. Ƙanin uwargida ne ya gani, ya toshe da guntun roba. Injiniya yana cewa shi ya nuna masa. Sifanata mai lamba 13 ma tana wurinsa tun ranar waldar, ya ce zai duba.